Gurbin Karatun Likita: Su Wa Aka Ƙirga, Kuma A Ina?

Daga Wakilinmu na Arewa

Kowace shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawa, sai alƙaluma su shiga yawo a unguwannin 'yan Arewa mazauna Kudu. A Agege da Idi-Araba cikin Ikko, a Sabon Badun da Sabon Shagamu, har can Fatakwal da Inugu, za ka tarar da uba yana gaya wa ɗan'uwansa cewa jami'a kaza ta ɗebi yara kaza a fannin likita bana, ko kuwa an yanke maki kaza, wanda duk ya kai shi ya shiga. Bisa wannan magana ta bakin kasuwa ne mutum zai sayar da sa, ko ya taɓa jarin goronsa, ya ce wa yaro ya cika sunan wannan jami'a ya bar waccan.

To, abin da ba a cika tambaya ba shi ne, su wa aka ƙirga, kuma a ina aka ƙirga su? Makarantar koyon aikin likita ba kamar firamare take ba, mai ƙofa ɗaya da hedimasta ɗaya. Yawancinsu a warwatse suke, wani sashe a wannan unguwa, wani a wancan gari, suna kuwa ɗaya. In an ba ka lamba ɗaya tak a kan makaranta mai mazauni biyu ko uku, to an dunƙule maka abubuwa da yawa ke nan cikin ƙunshi guda, sai ka kwance kafin ka san abin da ka riƙa.

Mai karatu da ke zaune a Ikko ba ya bukatar a kai shi nesa. Yaron da Jami'ar Ikko ta ɗauka a fannin likita, shekararsa ta farko a Akoka yake yin ta, yana karanta kimiyya tare da sauran ɗalibai. Sai ya haye sa'an nan ya ƙaura Idi-Araba, inda kwalejin take tare da asibitin koyarwa tun 1962. Jami'ar Jihar Legas tana Ojo, kwalejin likitancinta tana Ikeja. Jami'ar Olabisi Onabanjo tana Ago-Iwoye, asibitin koyarwarta yana Shagamu. A Gabas kuma Jami'ar Nijeriya tana Nsukka, kwalejin likitanci a Inugu, asibitin kuwa an mai da shi Ituku-Ozalla a bayan gari a 2007. Haka Jami'ar Nnamdi Azikiwe, ita tana Awka, likitocinta suna koyon aiki a Nnewi. Ko ta Ife ma asibitocinta sun kai har Ilesha.

Wannan ba sabon abu ba ne. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, ɗaliban likita rabin karatu kawai suke yi a gida, sai a tura su asibitocin Landan su ƙarasa, har zuwa lokacin da aka buɗe babban asibitin koyarwa na Badun a 1957. Mu ma a Arewa haka abin ya faro. Jami'ar Ahmadu Bello ta soma koyar da aikin likita a 1967, zamanin da Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne, yake shugabancinta. Azuzuwa suna Samaru, amma koyon duba marasa lafiya an rarraba shi tsakanin asibitin Tudun Wada a Zariya da na Kaduna da na Malumfashi. Sai a 2005 aka tattara aikin a Shika. Watau ɗalibi ɗaya, sunansa a littafi ɗaya, amma kafin ya gama ya zagaya garuruwa uku.

LAMBOBI UKU NE, BA ƊAYA BA

Kafin a je ga maganar rassa, ya kamata a san cewa a kowace makaranta lambobi uku ne ake kira da sunan ɗaukar ɗalibai. Akwai yawan waɗanda suka nema. Akwai yawan waɗanda aka ce musu an ɗauke su. Akwai kuma yawan waɗanda suka zo suka biya kuɗi suka zauna a aji. Ta biyu da ta uku ba sa taɓa zama daidai, domin wani ya samu wani wurin, wani kuɗi ya gagara, wani takardunsa ba su cika ba. Makarantar da take so a ce shigarta da wuya sai ta raba ta uku da ta farko, kason ya fito ɗan ƙanƙane. Ba ƙarya ta yi ba, amma fa ba ta faɗi duka ba.

Yanzu a ɗora maganar rassa a kan wannan. Bari mu yi misali da lissafi na kanmu, ba na wata makaranta ba. A ce makaranta tana da reshe a babban birni da wani a ƙaramin gari. Na birni mutum 4,000 suka nema, aka ɗauki 200, watau kashi 5 cikin ɗari. Na ƙaramin gari mutum 250 suka nema, aka ɗauki 50, watau kashi 20 cikin ɗari, ɗaya cikin biyar ke nan. In makarantar ta haɗa su ta buga, za ta ce ta ɗauki 250 daga cikin 4,250, abin da bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Uban da ya ga wannan lamba sai gabansa ya faɗi ya hana ɗansa nema, alhali kuwa akwai ƙofar da ta fi wannan faɗi har fiye da sau uku. Haka kuma in 200 daga cikin masu neman ƙaramin reshen sun nemi na birnin ma, to an ƙirga su sau biyu, mutanen gaskiya 4,050 ne. Matsakaicin maki ma haka yake: reshen da ya fi yawan ɗalibai shi ne yake jan lambar zuwa wajensa, ƙaramin ya ɓace a ciki kamar gishiri a miya.

YADDA AMURKA TAKE YI

Inda wannan al'amari ya fi fitowa fili shi ne Amurka, domin can ne makarantu masu rassa suka yi yawa, kuma can ne ake buga ƙididdigar kowace makaranta duk shekara kowa ya gani. Ƙungiyar kwalejojin likitanci ta ƙasar, wadda ake kira AAMC, ta bayyana cewa a 2023 mutum 52,577 suka nemi shiga, 22,981 suka shiga aji. Watau fiye da kashi 40 cikin ɗari sun samu. Amma in ka ɗauki makarantun ɗaya bayan ɗaya, da yawa za ka ga suna cewa kashi 3 ko 5 ko 7 kawai suka ɗauka. Ina bambancin ya fito? Ai kowane mai nema yakan aika takardunsa makarantu wajen 18. Makaranta takardu take ƙirgawa, ƙungiyar kuwa mutane. Duk wanda ya kama wannan ya kama rabin maganar.

Sauran rabin kuwa shi ne, a Amurka abin da ake ƙirgawa a matsayin makaranta ɗaya shi ne abin da yake da takardar amincewa ɗaya daga hukumar da ke tantance makarantun, ko da rassansa sun kai nawa. Kwalejin likitanci ta Jami'ar Indiyana tana da mazauni tara a faɗin jihar, babban yana birnin Indiyanafolis, tsarin da aka kafa tun 1971. Takardar nema ɗaya ce, masu zaɓe ɗaya ne, sai bayan an ɗauki mutum ake ba shi reshe, tare da duba inda ya ce ya fi so. Saboda haka tambayar kashi nawa reshe kaza yake ɗauka ba ta ma taso ba, don ba reshen ne yake ɗauka ba. Tambayar da ke da amfani a nan ita ce kujeru nawa ne a kowane reshe, kuma in masu son babban birni sun fi kujerunsa yawa, yaya ake raba su.

Jami'ar Washinton da ke Siyatil ta fi kama da abin da muka sani. Tun 1971 ta ɗauki nauyin horar da likitoci ga maƙwabtan jihohin da ba su da makarantar kansu, watau Alaska da Montana da Aidaho, a 1996 kuma Wayomin ta shigo. Kowace jiha tana biyan kuɗin kujerun da aka keɓe wa 'ya'yanta, ɗalibai kuma suna fara karatu a jiharsu. To, makarantar ɗaya ce a littafin ƙididdiga, lambarta ɗaya. Amma ɗan Wayomin da 'yan jiharsa kaɗai yake takara, su kuwa ba su da yawa, alhali wanda ya zo daga wajen yankin yana kokawa da dubban mutane a kan 'yan kujeru kaɗan. Lambar da aka haɗa ba ta bayyana halin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai kuma reshen da yakan girma ya ci gashin kansa. Jami'ar Arizona kwalejinta ta asali tana Tuson. A 2007 ta buɗe reshe a Finiks, a 2012 kuma reshen ya soma samun amincewa ta kansa. Yanzu kwalejoji biyu ne, kowace da takardar nemanta da ƙididdigarta, ko da yake sunan jami'ar ɗaya ne. Wanda ya ɗauko lambar kafin rabuwa ya gwada ta da ta bayan rabuwa, sai ya ga kamar an rage ɗalibai ko an ƙara, alhali ma'aunin ne ya sake.

NAMU ƘOFA BIYU CE

Mu dawo gida. Bambancinmu da Amurka shi ne, su rassansu a jere suke, kowane yana koyar da aji iri ɗaya. Namu kuwa yawanci a bi-da-bi suke, sai ka gama da wannan ka wuce wancan. A littafin JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, sunan jami'a yaro yake zaɓa, ba reshe ba. Sai mutum ya zaci ke nan ba mu da matsala. Muna da ita, har ta fi tasu ciwo, domin tsakanin mazauni na farko da na biyu akwai wata ƙofa wadda jerin sunayen da aka buga ba ya nuna ta.

Ga yadda abin yake. Karatun likita shekara shida ne. Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga ta biyu ake shiga ilmin sassan jiki da yadda suke aiki, daga ta huɗu a shiga asibiti. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, watau MDCN, ita ce take ƙayyade wa kowace makaranta iyakar ɗaliban da za ta horar a aji ɗaya, bisa ga yawan malamai da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin da ta gani da idonta. Waɗannan kaya kuwa duk suna mazauni na biyu ne, can Idi-Araba ko Inugu ko Nnewi. Babban ɗakin lacca na shekarar farko yana iya ɗaukar ɗaruruwa, amma teburin da ake koyon fiɗa a kansa da gadon majinyaci ba sa miƙewa.

Saboda haka in jami'a ta ɗebi yara a shekarar farko fiye da abin da majalisar ta yarje mata, dole a tace su kafin a haye. Banda haka ma akwai masu shigowa kai tsaye a aji na biyu, irin waɗanda suka yi IJMB ko suka riga suka yi wani digiri, su ma daga cikin adadin nan ɗaya za a ba su kujeru. Waɗanda aka tace sai a mai da su wasu fannoni, ilmin sassan jiki ko na ƙananan ƙwayoyin cuta ko wani abu makamancin haka. Fannoni ne masu daraja, ba wanda ya ce a'a, amma ba su ne uban ya sayar da sansa dominsu ba. Sau da yawa ma a gida ba a sani ba, ana ta kiran yaro likita, shi kuwa kunya ta hana shi faɗa.

In kuma jami'ar ba ta tace ba, ta bar su duka suka wuce, to bashi ne ta ci wanda ɗalibai za su biya. An ga haka a Jami'ar Kalaba a 2025, inda ɗaliban likitancin haƙori suka shiga tsaka mai wuya bayan ya bayyana cewa an ɗauke su fiye da adadin da majalisar ta amince, wasunsu kuwa sun riga sun kai ƙarshen karatu. Wanda majalisar ba ta rubuta sunansa ba, ba shi da lasisi, wanda ba shi da lasisi kuwa ba zai taɓa majinyaci ba, ko da takardar digirinsa tana rataye a bango.

Rabuwa irin ta Arizona ma mun gan ta a nan. Jami'ar Ladoke Akintola ta jihohin Oyo da Oshun ce a da, babban mazauninta a Ogbomosho, kwalejin lafiyarta da asibiti a Oshogbo. A 2020 aka raba gari, Oyo ta riƙe jami'ar, abin da ke Oshogbo ya koma hannun Oshun. Duk wata lamba da wani zai kawo maka a kan wannan makaranta, sai ka fara tambayarsa ta wace shekara ce.

A kan manyan alƙaluman ƙasa ma sai an yi hattara. Idan JAMB ta ce masu neman fannin lafiya sun haura 300,000 a shekara, ba masu son zama likita kaɗai take nufi ba, har da masu neman aikin jinya da haɗa magunguna da gwajin jini da sauransu, duk a rukuni ɗaya. Haka gurabun da take ambata. Shi ya sa za ka ji lambar gurabu ta kai dubu gommai, alhali kuwa da Gwamnatin Tarayya ta yi shelar ƙara adadin ɗaliban likita a 2023, daga 5,000 zuwa 10,000 ta ce za ta kai shi.

MAKIN DA AKA YANKE NA WANE NE?

Nan ne maganar ta fi shafar ɗan Arewa mazaunin Kudu. A jami'o'in Tarayya gurabu kashi uku ake raba su: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, kowa da kowa ya shiga takara, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta cewa an bar su a baya wajen ilmin zamani, waɗanda yawancinsu na Arewa ne. Abin da ake dubawa kuwa jihar asali ce, ba inda aka haifi yaro ba. Yaron da aka haifa a Agege, ya yi firamare da sakandare a can, yana jin Yarbanci kamar bakin uwarsa, in takardar ƙaramar hukumarsa ta Katsina ce, to ba ya cikin kason 'yan yanki a Jami'ar Ikko. Ko dai ya ci ta cancanta, ko ya shiga ta kaso na uku. In ya nemi Zariya kuwa, nan ɗan yanki ne, ko da bai taɓa kwana a garin ba.

Ke nan makin da aka yanke ba ɗaya ba ne. Jami'ar Badun takan buga nata a layi uku, kowane kaso da nasa. Jami'ar Ikko takan nuna na cancanta, sa'an nan na jihohin yankinta ɗaya bayan ɗaya. Amma lambar da take isowa zauren hira guda ɗaya ce, yawanci mafi girman, ba tare da an faɗi ta wane layi ce ba. Bayan haka kuma ba makin JAMB tsagwaronsa ba ne, wanda ake yi bisa 400. Tun 2005 jami'o'i suka soma yin tasu tantancewar, kowace kuma da yadda take gauraya makin, wata ta sa sakamakon sakandare a ciki, wata ba ta sawa. Saboda haka 75 na wannan jami'a ba shi ne 75 na waccan ba, kamar dai yadda mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba.

A ganina laifin a nan na jami'o'in ne fiye da na iyaye. Ba wani aiki ne mai wuya ba kowace kwaleji ta buga takarda ɗaya duk shekara, ta ce ga yawan waɗanda suka nema, ga waɗanda muka ɗauka a shekarar farko, ga adadin da majalisa ta yarje mana, ga waɗanda suka haye bara, ga kuma garin da kowane aji yake zaune. Duk waɗannan lambobi suna cikin aljihun tebur na magatakarda. In Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta sa ya zama tilas, cikin shekara ɗaya za a ga wace makaranta ce take ɗibar yara daidai ƙarfinta, wace ce take ɗibarsu don kuɗin rajista. Ƙungiyoyinmu na 'yan Arewa da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da suke taruwa a kan rikicin kasuwa da filin maƙabarta, da ma za su sa malami ɗaya ya tattara waɗannan bayanai duk shekara ya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da uba zai iya yi da kansa, ko ya sa yaron ya yi. Majalisar MDCN tana buga jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, tare da adadin da ta ba kowace. A ɗauko wannan a ajiye kusa da yawan sunayen da jami'ar ta fitar na shekarar farko. In tazarar tana da yawa, a je ofishin ɗaukar ɗalibai a tambaya yadda ake zaɓen masu hayewa, da ina ake kai waɗanda ba su haye ba. A tambayi garin da yaro zai zauna a shekara ta biyu da ta huɗu, don kuɗin ɗaki da na mota a gari biyu ba ya cikin takardar kuɗin makaranta, kuma ba kowane gari ne ake da ɗan'uwan da zai riƙe shi ba. A kuma tabbatar gurbin ya fito a tsarin CAPS na JAMB, wanda aka soma aiki da shi a 2017, domin gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba. Duk wannan a yi shi kafin a biya kuɗin karɓar gurbi, saboda shi ba a cika mayarwa ba.